Tabarma a Ƙofar Gidan Leota

Pouono ya durƙusa a ƙofar gidan Leota, ya lulluɓe kansa da tabarmar da suka gada daga kakanni. Ƙaninsa Sefo da sauran mazan gidansu suka zauna bayansa cikin ciyawa, kai a sunkuye. A gefe sun jibge itace da duwatsun da ake gasa alade da su. Kowa ya san nufin: ga mu, in kun ga dama ku gasa mu.

Ɗan Pouono ne ya yi ɓarnar. Direban bas ne. Ya sha giya, ya hau titin bakin teku, ya banke Fetu, ɗan ƙanwar Leota, yana dawowa daga kamun kifi. Fetu ya mutu, direban yanzu yana kurkuku. Amma kurkuku na gwamnati ne, jini na dangi. Dattawan ƙauyen Pouono sun yanke magana: in gidan mamaci ba su ɗaga tabarmar nan sun yafe ba, shi da iyalinsa su bar ƙasar kakanninsu.

Pouono bai taɓa zuwa unguwar ba sai yau. Tana gabas da Apia, babban birnin ƙasar, shiru kamar ba mutane. Ba ka jin komai sai teku tana dukan duwatsu a tsallaken titi. An saki labulen kaba a duk gidajen da ke kusa, amma ya san ana kallo.

Rana ta ɗaga. Cikin tabarma ya zama tanda. Gwiwoyinsa suka mutu. Mutum ne da bai taɓa sunkuyar wa kowa ba, ko fasto hannu yake ba shi a tsaye.

"Yaya, kana da rai?" in ji Sefo ƙasa-ƙasa.

"Rufe mini baki."

"Tambaya na yi. In ka dahu a ciki, sai mu ce musu an rage musu aiki."

Wani saurayi ya fito daga gidan da adda a hannu. Ya zagaya su yana jan ta a ƙasa.

"Ku ga tsohon kunkuru ya shige ɓawonsa! Ina gwanin naku, mai tuƙi da kwalba? Shi ya kamata ya zo."

Ba wanda ya ɗaga kai. Aka daka masa tsawa daga ciki, ya tofar da yawu ya koma.

Saƙar tabarmar siririya ce kamar zane, ana hango waje ta cikinta. Pouono ya ga kabarin a gaban gida, kamar yadda kowa a nan ke binne nasa. Simintin bai gama bushewa ba. Wata mace na zaune a gefensa, ta juya musu baya, tana tsince ganyen da iska ke zubowa a kai. Apaula ce, uwar Fetu. Tun zuwansu ba ta tashi ba, ba ta waiwaya ba.

Da rana ta karkata, fasto ya zo ya shiga gidan. Aka daɗe. Sannan Leota ya fito da sandarsa ta shugaban dangi, fasto na biye da shi.

"Pouono, ya isa," in ji Leota. "Allah ya gani, unguwa ta gani. Mun yafe. Ku shigo a ci abinci."

Ya kama bakin tabarmar. Sefo ya sauke ajiyar zuciya. Leota ya ja, tabarma ba ta ɗagu ba. An riƙe ta daga ciki.

"Ita fa?" in ji Pouono.

"Ni ne bakin gidan nan. Abin da na faɗa, ta faɗa."

"Ba kai ka haife shi ba."

Sefo ya matso da gwiwa. "Yaya, don Allah. An ba ka, karɓi. Jikokinka za su kwana a titi ne?"

Pouono bai kula shi ba. Ya ɗaga murya, muryar ta bushe.

"Uwar Fetu. Ni ne uban wanda ya kashe miki ɗa. Ga ni."

Hannunta ya tsaya a kan simintin. Ba ta juyo ba.

"Baba," ta ce, "ɗan naka yana samun abinci a can?"

"Yana samu."

"Kana kai masa?"

"Ran Asabar."

"Me yake so?"

Pouono ya ce, "Gwaza da madarar kwakwa."

"Nawa ma," in ji ta. Ta ci gaba da tsintar ganyenta.

Fasto ya je ya tsuguna kusa da ita, ya yi mata magana a hankali. Ta girgiza kai. Ya dawo ya tsaya yana kallon ƙasa.

Fuskar Leota ta haɗe. An ƙi hannunsa a gaban unguwa, kuma masu leƙe sun fara ɗaga labule.

"Tsoho, ba na miƙa hannu sau uku. In na juya, na juya ke nan, ka san abin da dattawanku za su yi. Saki tabarmar."

Sefo na kuka a fili yanzu. Pouono ya dubi bayan matar ta cikin saƙa. Ya ƙara naɗe bakin tabarmar a yatsunsa.

"Ba zan saki ba."