Tazarar Yatsa Biyu

Karo na uku ke nan suna ɗaga bambar gaban motar, Baba Mai Walda da maƙwabcin shagonsa Mai Faci, kuma karo na uku ramin notin hagu ya ƙi haɗuwa da na motar. Na dama ya zauna daram. Na hagu kuwa ya kauce gefe, tazarar yatsa biyu cif.

"Baba, ni fa baya ɗaya gare ni," in ji Mai Faci yana nishi. "Mu sauke."

Suka sauke. Baba ya yi tsaki mai tsawo, ya harari ƙarfen kamar shi ya yanka kansa.

Motar ta Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, likitar dabbobi. Irin mai dogayen ƙafafun nan ce ta shiga daji, don aikinta kullum a hanyar da ba hanya ba yake. Bambar da ta zo da motar roba ce, wadda Baba ya ce ko akuya ta yi mata atishawa sai ta fashe. Wata biyu yana mita a kawo masa ya ƙera ta ƙarfe, Auta na ce masa gobe, jibi. Da ya gaji, ya sauko da ma'aunin katakon da yake ƙera wa irin wannan motar bamba, ya yanka ƙarfe mai kauri, ya lanƙwasa bututu, ya yi walda mai kyau, ya goge, ya shafa baƙin fenti. Sannan ya aika mata cewa in ba ta kawo motar ba, ya daina cin abincin gidanta.

Bamba goma sha ɗaya ya ƙera da katakon nan, ba wadda ta taɓa yi masa gardama. Sai ta 'yarsa.

Abin da ke cin ransa ba ƙarfen ba ne. Tun bara matarsa ke cewa idonsa ya fara ja da baya, don ta gan shi yana miƙa tef ɗin awo nesa da fuska kafin ya karanta. Shi kuma da bakinsa, a gaban yara, ya ce ranar da ya auna ƙarfe ya ƙaryata shi, ranar zai rufe shago. Mutum ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki, ai ya isa ya cika baki. To ga shi ƙarfe ya ƙaryata shi sau uku cikin kwana uku. Sau biyu yana yanke kunnen bambar yana sake mannawa daidai da katako, kuma kowane karo tazarar nan ce dai, ba ƙari ba ragi.

"Ka faɗaɗa ramin mana, noti ya shige, kowa ya huta," in ji Mai Faci.

"Ka ga na taɓa zuwa na koya maka hura taya?"

"Allah ya ba ka haƙuri."

"Ya ba mu gaba ɗaya. Jeka, ga mai babur can yana jiranka."

Motar kuwa bai zarge ta ba ko sau ɗaya. Shekararta ɗaya, gabanta sai sheƙi yake, kuma Auta ba ta ce komai ba. Idonsa kawai ya zarga, ya kuma ji tsoro, tsoro na gaske. Me zai yi a gida? Ya zauna a ƙofar gida yana gaida masu wucewa?

Da hantsi ya yanke shawara. Zai mayar wa Auta da robarta, ya ce ta kai wa wani mai ido. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar, ya miƙa hannu yana laluben ramin noti, don wurin da duhu. Sai yatsunsa suka bi ta kan ƙarfen shasi na hagu, ƙashin da ke riƙe da motar, suka tsaya. Ƙarfen ba sumul yake ba. Ya tattare, an buga shi da guduma, an shafe da fenti. Ya sake shafawa a hankali, ya shafa na dama, ya dawo na hagu.

Dariya ta kuɓuce masa a ƙarƙashin mota. Ashe idonsa ƙalau! Motar ce a karkace, shi yana nan a miƙe. Har ya buɗe baki zai ƙwala wa Mai Faci kira, sai dariyar ta maƙale. Ya san kaurin ƙarfen nan. Ya san irin dukan da zai ture shi yatsa biyu.

Yana kwance a haka ya ga takalman Auta sun tsaya a gefen taya.

"Baba, sannu da aiki. An gama?"

Ya fito, ya zauna a kan kwalin, bai amsa gaisuwar ba.

"Yaushe?"

Ta dubi hannunsa, ta dubi motar. Ba ta yi musu ba.

"Wata uku ke nan. Burki na taka a kan taɓo, ta kwashe ni sai jikin bishiya. Na kai aka buga, aka sa sabuwar roba."

"Wata uku. Lokacin da kika ce mana wuyanki ya sage don kin yi kwanciyar banza?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kwana uku ina zagin idona, Auta! Kwana uku ban ci abincin kirki ba, uwarki na yi mini kallon ai na faɗa maka. Ke kuma kina can kin yi shiru!"

"Da na faɗa, da kun ce in bar aikin, Baba. Ni kuma ban san me zan yi a gida ba."

Faɗan da ya tanada kaf ya rasa inda zai sa shi, abin ya ƙara ba shi haushi. Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya ɗauko tef ɗinsa.

"Wannan bambar ba za ta hau karkatacciyar mota ba. Gobe a kai a ja shasin ya miƙe, ina tsaye a wurin. Riƙe mini nan."

Ta kama bakin tef ɗin. Ya ja, ya miƙa shi nesa da fuska, ya daɗe yana kallo. Yanzu kam lambobin sun dushe gaba ɗaya saboda ƙwalla, ya goge ido da bayan hannu bai ga komai ba.

"Karanta mini," ya ce.