Ɗakin da Ya Fi Ƙarfin A-kori-kura

Duk shekara, da an gama yankan dawa, Ɗanasabe yakan ɗaure kayan aikinsa ya bar Tudun Wada, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗowa. Ɗan kwangila ne, rijiyoyin siminti yake gina wa En'e, hukumar gargajiya, a ƙauyuka. Bana yana Dangora, baɗi yana Yako, wata shekarar ya nausa kudu. Matarsa Maijidda kuwa tana gida tare da uwarsa, Iya Delu, wadda kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin magana sai an ɗaga murya. Ita kuma Maijidda ba mai ɗaga murya ba ce. Sai a wuni a gidan nan ba a yi wata magana ta kirki ba.

In shirun ya ishe ta, sai ta sauko da kwanukan jerenta, langa da fanteka da tasoshi, ta zauna a bakin ƙofa tana wanke su ɗaya bayan ɗaya, alhali ko ƙura ba su yi ba. Ƙararsu take so. In ta kife wannan a kan wancan suka yi ƙwal, sai ta ji kamar akwai mutane a gidan.

'Yarsu ɗaya, Luba. Yana tafiya tana rarrafe, ya dawo ya tarar tana gudu a tsakar gida. Da ya miƙa mata hannu sai ta ruga bayan uwarta ta cusa kai a zane tana kuka. Har gero ya fara fitar da kai ba ta yarda ya ɗauke ta ba. Maijidda ta ga yadda yake bin yarinyar da ido.

A daminar nan aka yi gwanjon kayan wani Baturen haƙar kuza da zai koma ƙasarsu daga Riruwai. A cikin kayan har da wani ɗakin katako mai taya biyu, da taga, da ƙofa, da wani dogon ƙarfe a gaba wanda ake maƙalawa a bayan mota. Ɗanasabe ya saye shi. Wata babbar mota mai zuwa Kano ta jawo shi ta ajiye a ƙofar gida, gindin durumi, mutanen unguwa suka yi ta zagaya shi suna ƙwanƙwasawa. Maijidda ta leƙa ta tsagar ƙyauren zaure, gefe ɗaya kawai ta iya gani da taya guda.

Da Ɗanasabe ya shigo cin tuwo ya gaya mata nufinsa. Aikin bana a ƙasar Doguwa yake, kuma ba zai tafi shi kaɗai ba. Zai nemi a-kori-kura, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya zuba kayan aiki a ciki, ta ja ɗakin. Duk inda aiki ya kai su a kafa zana a kewaye, ya zama gida. Ƙanwarsa Rabi ta yarda za ta dawo ta zauna da Iya. Maijidda ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya sa albarka. Da ya fita sai ta tarar ta zuba miya a ƙoƙon ruwa.

Sauran zaɓen mota. Ɗanasabe bai iya tuƙi ba, sai ya ɗauki direba, wani Maikano, mutum mai surutu wanda ya daɗe yana jigilar gyaɗa. Suka yi ta yawo, yau Kano gobe Bebeji, har zance ya tsaya a kan guda biyu. Ɗaya ta Alhaji Surajo ce mai awon gyaɗa a Bebeji. Tsohuwa ce, babba, ƙofarta guda da igiya ake ɗaure ta, in ta taso sai an jiyo ta tun daga nesa, ga shan mai. Ɗayar a Kano take, ƙarama, koriya, fentinta bai ko goge ba, in tana tafiya ba ka jin komai sai ɗan guna-guni.

Duk wannan a bakinsa Maijidda take ji, don matar aure ba ta zuwa kallon mota. Kullum ya dawo sai ya zauna a tabarma ya zayyana mata, ita kuma tana kaɗa zare tana saurare. Ba a taɓa yi mata magana mai tsawo haka ba tun da aka kawo ta gidan. Ya ce Maikano ya fi karkata ga ta Bebeji. A cewar Maikano koriyar jaki ce, a ɗora mata ta ɗauka, ita kuwa tsohuwar san huɗa ce, ja ta iya. Sai dai Alhaji ya ce ba zai sake ta ba sai an rufe awon gyaɗa, shi kuwa aiki ba zai jira ba. In ita aka zaɓa, dole ya yi gaba shi kaɗai, in an sami motar ya dawo ya ɗauke su.

Ya tambaye ta abin da ta gani. Ta ce duk wadda ya zaɓa daidai ne. Ya sake tambaya. Ta daɗe tana murza mazari, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Koriyar, yanzu za a bayar?"

Ya ce ko gobe.

Ta ci gaba da kaɗinta. Ta san in ya yi gaba, aiki zai riƙe shi. Rijiya za ta rufta, ko siminti ya makara, a yi ta cewa wata mai zuwa har ruwa ya sauka.

Maikano ya ce to ba zai yarda a saya ba sai an gwada. Mai motar ya ba da ita aka kawo Tudun Wada. Aka maƙala ɗakin, suka nufi rafin da ke kudu da gari, inda hanya take gangarawa cikin yashi sannan ta miƙe sama. Koriya ta sauka, ta ƙetare, ta haye gangaren ba ko tari. Suka juyo suka sake, ta sake hayewa. Maikano ya sosa ƙeya ya tambayi maigidan me za a sa a cikin ɗakin. Ɗanasabe ya ce iyalinsa ne, mace ɗaya da yarinya, sai tabarma da tukunya. Maikano bai zurfafa ba, don ba a bincikar kayan matar wani. Shi kuma Ɗanasabe iyakar saninsa ke nan. Shekara da shekaru yana shiga ɗakin matarsa yana fita, bai taɓa tsayawa ya dubi abin da ke jikin bango ba. Aka sayi koriya.

Da labari ya shiga cikin gida, abin da mata suka ji shi ne an yi wa Maijidda sabon ɗaki. Ɗaki kuwa sai da jere. Ana jibi tafiya, maza suna can suna awon igiya da siminti, aka turo ɗakin har bakin zaure, aka kare shi da zana. Iya Delu ta ɗaure ɗamara, Rabi ta zo, maƙwabta suka shigo. Aka kwance gadon ƙarfe aka sake haɗa shi a ciki. Aka shigar da adaka biyu cike da zannuwa. Aka jera kwanuka tun daga ƙasa har rufi, ana cusa tsumma a tsakani ana ɗaurewa da igiya. Iya ta ce ƙasar Doguwa daji ce, wa zai ara mata turmi, aka sa turmi da taɓarya. Aka sa randa, da tulu, da buhun dawa, da na gero. Dutsen niƙa sai da mata uku suka kama. Na uwar Maijidda ne da ta rasu, tsakiyarsa har ya lotsa.

Da aka gama Maijidda ta tsaya a ƙofa ta duba. Ya yi kyau ƙwarai. Ta tuna da maganar jaki da sa, amma ta ga ai taya ce take ɗauke da kayan, ba motar ba. Ta ja ƙofar ta rufe.

Ranar tafiya, bayan an karya kumallo, ta lulluɓa ta goya Luba ta shiga. Aka rufe su. Ta ji Maikano yana kiran mutane su kama masa ƙarfen gaba, yana cewa shekaranjiya ai shi kaɗai ya ɗaga shi. Wani ya ce tsufa ne ya kama shi a kwana biyu, aka yi dariya. Mota ta tashi. Ɗakin ya girgiza, kwanuka suka ɗauki kiɗa gaba ɗaya, Luba tana tafi.

Sun fita gari lafiya. A gangaren rafi ta ji kamar ɗakin ne yake tura motar, Maikano yana salati. Suka ratsa yashi da ƙyar. Da aka fara hawa sai muryar motar ta sauya, ta koma kuka siriri kamar akuyar da aka shaƙe. Wani wari na ƙuna ya shigo ta taga. Suka tsaya cak, sannan suka fara komawa baya a hankali. Ta rungume yarinyar ta runtse ido, har ta ji an jefa duwatsu a bayan tayoyi.

Muryar Maikano ta zo daga waje. Ya ce shi dai ba ya son shiga abin da ba nasa ba, amma ko dai an ɗaure giwa a ɗakin nan, ko kuwa tabarmar ta ƙarfe ce.

Ɗanasabe ya buɗe ƙofar. Ya dubi gadon, ya dubi kwanukan har sama, ya dubi dutsen niƙa. Ya daɗe yana kallo kamar yau ya fara ganinsu. Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna a bakin ƙofar ya yi ƙasa da murya ya ce laifinsa ne, shi ne bai tambaya ba. Maikano ya ce in aka matsa wa motar za ta ƙone, kuma gaba duwatsu ne, wannan hawan wasa ne. Abin da ya fi, a kwance ɗakin a samo mutane su mai da shi gida. Shi Ɗanasabe zai wuce, in an rufe awon gyaɗa ya je Bebeji ya nemi musanya, ya dawo ya ɗauke su da kayansu duka.

Maijidda ta dubi rafin, ta dubi hanyar da suka baro. Daga nan ana hango kan durumin ƙofar gidansu.

"Malam," ta ce, "in babu kayan, za ta hau?"

"Ta hau da shi babu komai. Amma kayanki ne, Maijidda."

Ta sauke Luba ta miƙa masa. Yarinyar ta waiwayi uwarta, ta yi kamar za ta yi kuka, sai ta kama wuyan rigarsa ta yi shiru. Maijidda ta juya ta fara kwance igiyar jere.

Aka aika gari, Rabi ta zo da masu jakuna, Iya Delu tana biye da sandarta. Ta tarar an jibge kaya a gindin wata tsamiya, gado a kwance gefe guda, kwanuka suna ƙyalli a rana, masu wucewa kasuwa suna tsayawa kallo. Iya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ta ce wannan yaron ya haukace ne, zai kai 'yar mutane daji ba ko kwanon sha. Ta juyo kan Maijidda ta ce macen da ba ta da jere baƙuwa ce ko a gidan mijinta, matan can za su shigo gaisuwa su ga bango tsirara, su fita da ita a baki.

Maijidda ta matso kusa da kunnenta. Karo na farko ke nan da ta ɗaga murya har tsohuwar ta ji ba a maimaita ba.

"Iya, ki ajiye mini su. In na dawo zan wanke."

Tsohuwar ta dube ta, ta kau da kai tana gyara bakin mayafi. Sannan ta sa aka mayar da tukunya ɗaya, da tulu, da tabarma biyu, da ɗan ƙunshin zannuwa, da rabin buhun gero. Ta zaro langa ɗaya mai murfi daga cikin tarin ta cusa mata a hannu. Dutsen niƙa ne aka ɗora wa jaki a ƙarshe. Maijidda ta shafa lotsawar tsakiyarsa, ta koma ta hau.

Luba ta ƙi sakin ubanta, sai aka tafi da ita gaban mota. Aka rufe ƙofa. Mota ta tashi, ta ja, ta haye ba gardama.

Ɗakin ya yi faɗi. A jikin katako ana ganin ƙusoshin da aka ɗaura wa igiya, ba komai a kansu. Ta zauna a tabarma ta jingina da bango. Ta taga tana ganin kan itatuwa suna wucewa, gonaki suna raguwa, daji yana ƙaruwa, ba ta san sunan ko'ina ba. Can gaba, in iska ta juyo, takan tsinci muryar Maikano yana zuba, da ta mijinta, da wata 'yar dariya siririya wadda ta san ta Luba ce. Ba ta jin abin da suke cewa. Tsakaninta da su akwai bango, da ƙarfe, da tarin kayan aiki.

Langar tana gefenta, murfin yana rawa duk sanda taya ta faɗa rami. Ta kai hannu za ta danne shi, sai ta fasa, ta bar shi yana ƙwal-ƙwal har suka shiga duwatsu.