Injin Ban-ruwa

Shekara biyu ke nan motar Chevelle ta Orval Hutchens tana zaune a gareji babu inji. Bonet ɗinta na jingine da bango, gabanta ya ɗaga sama saboda rashin nauyi, kamar akuyar da ke leƙen katanga. Koriya ce, ƙirar 1969, ya saye ta tun kafin ya auri mahaifiyar 'yarsa Twila, kuma duk garin babu wanda bai san rurinta ba. Ƙaramin injin da ke cikinta ya ƙone ne wata Lahadi a hanyar dawowa daga coci. Ashe ya yi makonni yana ƙwanƙwasa. Maƙwabta sun ji, mai gidan mai ya ji, Orval kaɗai ne bai ji ba, shi da ya yi shekara arba'in ana kawo masa motoci daga garuruwa uku don ya saurara ya faɗi ciwonsu.

Tun daga ranar bai sake taɓa sifana ba. Likita ya ba shi na'urar ji, ya sa ta kwana uku ya jefa a durowa, ya ce ita komai ɗaya take mayar masa, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Sai ya koma zaman kujera a bakin taga, yana kallon alkama tana kaɗawa.

Twila, 'yarsa ɗaya tilo, malamar firamare ce a wani gari mai nisan awa guda, kuma duk Alhamis tana zuwa ta dafa masa wake da burodin masara. A kan wannan abincin ne ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Wani mutum daga Tulsa zai zo Litinin ya ɗauke ta."

Ta ajiye cokali. Ta taɓa hannunsa don ya dube ta, domin sai ya ga leɓenta yake gane magana.

"Baba, ka ce babban inji za ka sa mata. Tun ina yarinya kake faɗa."

"Na ce. Lokacin ina da kunne."

"Ai ana sayen inji da ido."

"Wawaye ke saye da ido," in ji shi. "Wanda ba ya ji ba shi da hurumin riƙe mota irin wannan. Na kashe ɗaya, ba zan kashe na biyu ba."

Twila ba mai gardama ba ce. A ɗakin malamai ma sai an tambaye ta sau biyu take buɗe baki. Amma ta lura da wani abu da bai san ta lura ba: duk safiya gilashin motar a goge yake, tayoyin kuma ba su taɓa sacewa ba. Ta san in motar nan ta fita daga gidan, babu sauran abin da zai tashe shi daga kujerar.

"Ka ba ni Asabar ɗaya," ta ce. "Mu je wurin Delbert mu duba injuna. In ba ka zaɓa ba, ni da kaina zan wanke ta in miƙa wa mutumin makulli."

Ya daɗe yana tauna kafin ya ce, "Delbert ɓarawo ne."

Ta san ya yarda ke nan.

Delbert Yoakum yana da wata tsohuwar rumfar ajiyar hatsi a bayan gari, cike da injuna kamar makabartar ƙarfe. Shi da Orval ajinsu ɗaya a makaranta, kuma tun lokacin ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Yana hango akori-kurar Twila ya fito yana goge hannu da tsumma, tumbi a gaba.

"Kai! Wa nake gani? Na ɗauka an binne ka ba a gaya mini ba."

"Me ya ce?" Orval ya tambayi Twila.

"Ya ce ya yi kewarka."

"Ƙarya kike. Ki gaya masa tumbinsa ya riga shi fitowa da minti biyu."

Delbert ya bushe da dariya, ya rungumi Twila da hannu ɗaya. "'Yar nan, kin yi ƙoƙari. Ku shigo. Uku na ware muku."

Na farko ɗan zamani ne, mara nauyi, wayoyi sun lulluɓe shi, da 'yar kwamfutarsa a gefe. Delbert ya ce wannan ba ya shan mai, ba ya fushi da sanyi, taɓawa ɗaya ya tashi. Orval ya dube shi sama da ƙasa.

"A Chevelle? Ai kamar ka sa wa kakarka takalmin ƙwallo ne."

Na biyu shi ne wanda idon Twila ya faɗa a kai tun daga ƙofa. Ƙato ne, mai lamba 454, an fente shi ruwan lemo, murfinsa na sheƙi har kana ganin fuskarka. Yana ɗaure a kan karagar gwaji, da batir da galan ɗin fetur a ƙasa. Na uku yana can lungu, shi ma 454 ne, amma ƙura da tsatsa sun cinye masa launi, har da sheƙar zanzaro a jikinsa.

"Wancan rabu da shi," in ji Delbert. "Daga rijiyar gonar su Pruitt na ciro shi. Shekara goma sha yana jan ruwa. Don kawai a ce uku ne na sa shi."

Ya danna maɓallin injin nan mai ruwan lemo. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, rumfar ta ɗauki girgiza, tantabaru suka watse daga rufin. Twila ta ji shi a ƙirjinta da tafin ƙafarta. Ta juya ta dubi mahaifinta da murmushi, sai murmushin ya tsaya a rabi. Ya karkatar da kai gefe kamar yadda ta saba ganinsa tun tana ƙarama, idonsa a rufe, amma fuskarsa babu komai a kanta. Ya matso, ya juya ɗaya kunnen. Ya buɗe ido.

"Guguwa kawai," ya ce a hankali. "Mu tafi, Twila."

Ya nufi ƙofa. Twila ta bi bayansa. Ta yi alkawari, kuma ba ta iya saɓa alkawari.

Delbert bai ga sun juya ba. Ya zaro wata doguwar sukundireba daga aljihun baya, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya kara mariƙin a ramin kunnensa, yana ihu don a ji shi. "Lafiya lau! Kamar agogo! Ni zan saurara maka, tsoho, kyauta!"

Orval ya waiwayo daga bakin ƙofa, kuma abin da ya gani ya fi ƙarfin haƙurinsa. Ya dawo da sauri irin wanda Twila ta manta yana da shi.

"Shekara hamsin kana riƙe ta kamar mai waya da budurwa! A murfi kake saurare? Me ke cikin murfi? Ba ni nan!"

Ya fizge sukundirebar. Nufinsa kawai ya nuna wa Delbert wurin da ake ɗorawa, can ƙasa kusa da kaskon baƙin mai. Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, wurin ya matse, mariƙin ya kasa kaiwa ramin kunne, ya tokare ƙashin da ke bayansa. Sai Orval ya daina motsi.

Twila ta ga wuyansa ya sandare. Ya ƙara danna mariƙin a kan ƙashin har fatar wurin ta yi fari. Ya matsar da bakin ƙarfen gaba kaɗan, ya dawo da shi baya. Leɓensa ya fara motsi, yana ƙirga wani abu. Bai ce yana jin injin ta ƙashin ba, ita ma ba ta tambaya ba. Tsoro take kada magana ta kore abin.

"Ƙara masa wuta," ya ce. Delbert ya ja wayar totur. "Saki." Ya saki. "Sake."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa karagar.

"Yana ƙwanƙwasa. Can ƙasa, ta baya, ɓangaren hagu."

Delbert ya kashe injin, fuskarsa ta yi ja. "Kurma zai gaya mini injina na ƙwanƙwasa? Mutumin da ko kiran abinci ba ya ji?"

"Me ya ce?"

Wannan karon Twila ba ta gyara maganar ba. Ta tsaya a gabansa ta maimaita masa ita kalma bayan kalma.

"To," in ji Orval. "Yanka matatar mai mu gani."

Haka ake raba gardama a wurinsu. Delbert ya kwance matatar yana gunaguni, ya ɗaure ta a kan benci, ya yanke bakin gwangwanin, ya zaro takardar ciki ya ware ta a hasken ƙofa. Su ukun suka sunkuya. A cikin kowane ninki akwai ɓurɓushin ƙarfe launin tagulla, yana walƙiya kamar kwalliyar amarya.

Delbert ya cire hula ya sosa ƙeya. "Kai, jama'a. Na rantse da kabarin uwata haka na saye shi. Mutumin ya ce sabon gyara ne."

"Na sani. Ba ka da wayon da za ka cuce ni da gangan." Orval ya nuna lungu da sukundirebar. "Jawo wancan."

"Na rijiyar? Orval, ko kare ba zai yi fitsari a jikinsa ba."

"Jawo shi."

Sai da suka yi kusan awa guda. Da iskar gas injin ya saba aiki, don haka sai da Delbert ya aro kabureta daga wani ya ɗaura masa. Orval ya tuɓe riga ya rage singileti, yana ba da umarni, yana zagin kowace ƙusa. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya duba ba, Twila ta sa masa sifanar da yake nema, kamar yadda take yi tana 'yar shekara tara.

Injin ya ƙi tashi sau huɗu. A na biyar ya yi atishawa, ya fesa musu ƙura da busasshiyar ciyawa, sannan ya zauna a kan wani ruri mai kauri, a natse, ba gaggawa. Orval ya bi shi da sukundireba lungu-lungu, gaba da baya, hagu da dama. Ya fi minti goma. Delbert ya buɗe baki zai yi magana, Twila ta girgiza masa kai, ya rufe.

"Wannan bai taɓa haɗuwa da yaro mai zafin ƙafa ba," in ji Orval daga ƙarshe. "Gudu ɗaya ya sani, dare da rana, kuma gas ba ya ɓata ciki. In ka buɗe shi za ka iya cin abinci a kai." Ya shafa tsatsar da tafin hannu. "Raggo ne dai. An koya masa jan ruwa, ba a koya masa gudu ba. Sai an canza masa 'yan abubuwa a sama. Kuma nauyi gare shi, sifirin ɗin gaba ba za su ɗauka ba. Lagireto ma sai babba. Bonet kuwa, Allah kaɗai ya san ko zai rufu."

"Aikin wata shida ke nan," in ji Delbert. "Na ji an ce Litinin za a zo ɗaukar motar."

Twila ta maimaita wa mahaifinta.

"Wa zai ɗauki motar da ake aiki a kanta?" Orval ya ce, kamar an tambaye shi abin wauta. "Kawo sarƙa, Delbert. Kuma ka sa mini sukundirebar nan a ciki, tunda kai ba ka san amfaninta ba."

Da suka ɗora injin a bayan akori-kurar, ta durƙusa har tayoyin baya suka kusa taɓa jiki. Twila ta ja a hankali, ta bi hanyar ƙasa don kauce wa ramukan babban titi. Rana ta take, iska na kwantar da alkama gefe guda. Mahaifinta na zaune ya juya rabin jiki, yana leƙen injin ta gilashin baya duk sanda suka hau gargada, yana lissafa abin da za a fara kwancewa.

Ta daɗe tana juya maganar a bakinta. Idonta a kan hanya ta ce, "Baba, na ji daɗi da ka dawo."

Bai juyo ba. Bai ji ba, kuma ta san ba zai taɓa jin irin wannan ba, sai dai in ta tsayar da mota ta dube shi ta faɗa da ƙarfi, abin da kunya ba za ta bar ta ta yi ba. Ta haɗiye sauran.

Can sai ya daki kafaɗarta da bayan hannu.

"Asabar mai zuwa kina da abin yi?"

Ta juyo masa da fuska, ta girgiza kai.

"To ki zo da wuri, da tsofaffin kaya. Ke za ki shiga ƙarƙashi, gwiwata ba ta da kirki. Kuma ki rage gudu, 'yar nan, ba buhun dankali kika ɗauko ba."