Sunan Kabocha

Sau uku aka fitar da wasan bidiyon nan mai suna Hasumiyar Gishiri, kuma duk ukun suna cikin kabad ɗin Fusako Hiraide, ita da ba ta taɓa wuce ƙauyen farko a cikinsa ba. Akwai na kaset na 1988, da na faifai, sai na ƙaramar na'urar hannu da ya fito a shekarar da mijinta Yasunori ya rasu. Shi ya zana dodannin wasan, su ɗari biyu da goma sha ɗaya. Amma idan sunayen ma'aikata suka hau allo a ƙarshe, Kabocha ake gani a gurbin sunansa, wato kabewa. A wancan zamanin kamfanin ba ya barin kowa ya sa sunansa na gaskiya, gudun kada abokan hamayya su zo su janye shi.

Da aka ce fitowa ta huɗu za ta zo da sunayen gaskiya, Fusako ta rubuta wasiƙa. Wata ma'aikaciya mai suna Shimazaki ta amsa mata cikin ladabi: tsofaffin takardu duk sun salwanta tun da aka sayar da kamfanin, sai an sami shaida daga cikin waɗanda suka yi aikin, ya faɗi sunan da bakinsa ba tare da an tuna masa ba. Mutum ɗaya ya rage, tsohon shugabansu Ogasawara, a gidan kula da tsofaffi a Hachioji.

Tare suka je da Shimazaki ranar Laraba, Fusako riƙe da kwalin wainar shinkafa.

“Ogasawara-san, ka tuna Kabocha?” in ji Shimazaki, ta haɗa sunansa da “san” na girmamawa.

Tsohon ya yi dariya har da tari. “Wannan mai ƙaton kan? Ni na raɗa masa sunan. Ka ce ya zana maka kura, sai ya kawo maka kura mai kama da akawunmu. Sau biyu akawun ya kai ƙara.”

Fusako ta rufe baki da hannu. Ba ta taɓa jin wannan ba.

“To mene ne sunansa na gaskiya?”

“Kabocha mana.”

“Wanda iyayensa suka sa masa.”

Ya ɗaga kai yana kallon rufi, leɓensa na motsi. Sunan yana bakin Fusako, harafi biyu kawai za ta furta ya kama. Ta dubi Shimazaki, ita kuwa ta sunkuyar da kai kan takardarta.

“Hirano ne? A'a, Hirano mai kiɗa ne.” Ya juyo wajen Fusako. “Baiwar Allah, ke wace ce tasa?”

“Matarsa.”

“Haba dai. Kabocha ya yi aure? Mutumin da ke shanya safarsa a bayan kujera? Shekara shida muna tare, ko sau ɗaya bai ce yana da mata ba.”

“Ni nake wanke safar,” in ji Fusako a hankali.

“To kin yi ƙoƙari.” Ya miƙa hannu ya ɗauki waina.

A tashar jirgin ƙasa Shimazaki ta rusuna ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce tunda bai tuna sunan ba, abu biyu ne ya rage: ko a bar laƙabin yadda yake, shi kaɗai a tsakiyar sunayen mutane, ko a cire layin gaba ɗaya. An ba iyali zaɓi.

Fusako ta tsaya tana kallon layin dogo. Tun daga gida ta zo da sunan a rubuce a 'yar takarda, da kyakkyawan rubutu, don kada a yi kuskuren harafi wajen bugawa. Ta taɓa ta a aljihun jakarta, ba ta fito da ita ba.

“A bar Kabocha,” ta ce. “Shi dai wannan sunan akwai wanda ya san shi.”