Bijimin da ke Cikin Tulu

Daren da Abdulgafar ya fara jin kukan, ya ɗauka gyare ne. Ƙit-ƙit, sau biyu, daga ƙarƙashin gado. Can ya tuna: wayar ce, a cikin tulu.

Shekarar takunkumi ce. An rufe iyaka, takardar kuɗin sefa ta yi wuyar gani kamar ruwan rani. Ya kai bijiminsa na ƙarshe kasuwar Filinge, mai saye ya ce ba shi da tsaba, banki ma ya ƙafe. Yahaya, mai rumfar tura kuɗi, shi ya shiga tsakani.

"Baba, kuɗin zamani a iska suke yawo. Ga waya, bijiminka na ciki. Lambar sirrin bar mini, kada ka mance ka yi hasara."

Abdulgafar ya naɗe wayar a tsumma, ya sa ta a tulun da ubansa ke ajiyar kuɗi, ya rufe da faifai. Dukiya ba a yawo da ita.

"Malam, mi ke kuka haka?" in ji matarsa Fati.

"Tuƙa yake yi. Kwanta."

Kukan ya riƙa yi masa daɗi. Da 'yan kwanaki suka wuce wayar ta yi shiru, ya ce barci ne.

* * *

Rumbu ya ƙare kafin ruwa ya sauka. Ya ɗauki wayar ya nufi Filinge sayen hatsi. A rumfar Yahaya ya tarar da mai sayar da albasa. An ce Yahaya ya tafi Yamai tuni.

Aka sa wa wayar caji. Safiya, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta karanta masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, muryarta na raguwa.

"Baba, duk kukan da ka ji, kuɗinka ake cirewa. Tana gaya maka ne."

"Ni take kira kenan?"

"Kai take kira."

Ya gyaɗa kai. Bai ji zafi ba, bai ji komai ba. Ya yi mata godiya.

* * *

La'asar sakaliya ya iso gida da buhu a naɗe a hammata. Ya mayar da wayar cikin tulu, ya rufe, ya fito ya zauna kusa da turken da igiya ke rataye. Fati ta dubi buhun, ta sauke tukunyar da ta ɗora.

Maƙwabcinsu Tahiru ya leƙo ta kan darni.

"Barka da dawowa. To, nawa aka auna maka da bijimin?"