Gayyar Mushe Issa

Tanko yana ɗaure buhun iri a bayan keke sai ga motar biro, wato ofishinsu, ta tsaya ƙofar gidansa. Jiya ruwan shuka ya sauka a Filinge, bayan wata guda ana kallon sama, yau kuma Asabar, ba aiki. Mushe Issa ne, kamar yadda ake kiran manya da Faransanci, shugaban biron da Tanko yake wa shara da aike shekara tara ba takardar ɗauka. Mutumin da ko gaisuwa da hanci yake amsawa, yau har da murmushi.

"Baba Tanko, gayya nika yi, gonata ta hanyar Bonkuku. Ɗauko sungumi."

"Mushe, tawa gonar fa? Laimar ga ba ta kwana ukku."

"Ai ba dole ba na, Baba. Litinin dai za mu duba waɗanda za a rage aiki."

Matarsa Tambara tana tsaye da ƙwaryar zuba iri. Tanko bai yarda sun haɗa ido ba, ya hau mota.

Gayyar da muka sani, mai gona ke gaba, a sha fura, gobe a koma gonar wani. Wannan kuwa, Mushe yana gindin gawo a kan kujera, tumbi gaba, yana ɗaukar ma'aikatan biro hoto da waya suna shuka. Sakatare, da ko tsintsiya bai taɓa riƙewa ba, har ya yi kanta. Ruwan jarka kawai suka sha. Gonar kuma ba ta ƙare ba sai Lahadi da la'asar.

Litinin da sassafe Tanko da Tambara suka isa tasu. Ya sara, ƙura ta tashi. Ya tsuguna ya tura hannu har wuyan hannu, rairayi busasshe.

"Na zuba abin da na iya ni kaɗai," in ji Tambara. "Layi shida. Su za mu ci bana?"

Tanko ya karkaɗe hannu. Ya hau keke, kada ya makara.

A biro Mushe ya dafa masa kafaɗa a gaban kowa.

"Kwantar da hankalinka, ban sa sunanka ba. Ban taɓa ganin mai sara irinka ba. In noma ya zo, kai za ka ja gaba."

Tanko ya rusuna.

"Na gode, Mushe. Allah shi ƙara girma."