Abin da Direba Ba Ya Gani

Shayin bai shiga kofi ba. Kan tebur ya kwarara, ya bi gefen faranti, yana ɗiga ƙasa, Direba kuwa sai tsiyayawa yake hankalinsa kwance. Matarsa, wadda unguwa ke kira Uwar Biyu, tana tsaye bakin ƙofa.

"Butar nan ta fara yoyo," in ji shi, da ya ji ɗumi a ƙafarsa.

"E, ta fara," ta ce, ta durƙusa tana gogewa.

Buta kam lafiyarta ƙalau. Wata uku ke nan da likita ya haska idonsa ya ce gefe da gefe ya mutu, abin da ke gabansa sak kaɗai yake gani, kamar mai leƙe ta bututu. Ya ce ya ajiye tuƙi. Direba ya yi godiya, ya ninke takardar ya cusa a aljihu, washegari ya tayar da motar makaranta kamar ba a yi ba. Yara ashirin da shida yake kwasa safe da rana, hanyar kuma tana tsallaka layin dogo inda babu shinge.

"Maigida," ta ce, kanta a ƙasa, "maganar likitan nan fa?"

"Likita ya taɓa riƙe sitiyari? Hanyar nan ko a rufe idona na san ta." Ya laluba hularsa. "Ubana a kan mota ya tsufa. So kike in zauna tsakar gida ina taya ki tsince shinkafa, maƙwabta na leƙe?"

Ya yi dariya. Ita dai ba ta ga abin dariya ba.

*

Tun daga ranar ba ta da sukuni. In ta ji jiniya daga nesa, sai ta fito bakin ƙofa tana leƙen titi. In waya ta yi ƙara da rana, sai ta yi addu'a kafin ta ɗauka. Tsoro take ji, tsoro na gaske.

Da abin ya ishe ta, sai ta tafi wajen surukarta, wadda kowa ke ce wa Inna. Ta zayyana mata komai. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ta janyo ƙofa.

"Wa kika faɗa wa bayan ni?"

"Babu kowa, Inna."

"To ya tsaya nan. Kin tuna ƙanen ubansa? Ranar da aka sallame shi daga aiki, ranar ya fara mutuwa. Benci ya samu a ƙofar gida, masu gaishe shi suka riƙa ragewa, ko shawarar auren 'yarsa ba a nema a wurinsa ba. Shekara bai cika ba muka binne shi. Namiji aikinsa ne, 'yar nan. Ke kuma an kawo ki gidan nan ne ki rufa masa asiri, ba ki kwance masa zani a kasuwa ba."

"Inna, 'ya'yan mutane fa."

"Allah ke tsarewa. Da can ke ce ke tsare su?"

Uwar Biyu ta tashi ta kama hanyar gida. Abin haushin, ita ma haka aka raine ta. Uwarta ta mutu tana alfahari da cewa ba a taɓa jin kanta da mijinta ba, ko sau ɗaya. Yanzu in ita ta je makaranta ta faɗa, daga ranar sunanta matar da ta tona wa mijinta asiri, ta zaunar da shi. Ina za ta sa kanta?

*

Ranar Litinin ta ɓoye makullin motar cikin gwangwanin gishiri. Ta ce a ranta yau dai a yi ta ta ƙare.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ta leƙo ta same shi durƙushe, ƙato da shi, yana shafa siminti da tafin hannu, yana juya kai gaba ɗaya kamar kaza don ya ga abin da ke kusa da gwiwarsa.

"Uwar Biyu," ya ce a hankali, bai ɗago ba, "in kin san inda yake, kada ki yi mini haka. Ban iya zama komai ba sai wannan."

Ta ɗauko, ta goge gishirin da bakin zaninta, ta sa masa a hannu.

A bakin titi yara na ta hawa. Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta ɗaga 'yarta ƙarama ta ɗora a matakala, ta gyara mata jaka.

"In dai Direba ne, ni barci nake da ido biyu rufe," ta ce. "Af, ina tagwayenki? Kwana biyu a ƙafa nake ganin suna tafiya makaranta."

"Ƙiba suke yi," in ji Uwar Biyu. "Gara su riƙa motsa jiki."

"Ke dai da tsari."

Ta so ta faɗa mata ainihin dalilin da ya sa ta hana su hawa motar. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Motar ta ja. Gefenta na hagu ya shafi wani keke da aka jingine da bango, keken ya kife, tayarsa na juyawa a sama. Yara suka kwashe da dariya. Direba bai waiwaya ba. Daga tagar wannan gefen, 'yar mai ɗinki ta fito da ɗan hannunta tana ɗaga musu.